Kafin Ka Hau Katafila

Barunde, Gombe.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina yi maka gaisuwa irin ta uba, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, Ya sauke ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Mahaifiyarka ce za ta sa ta a ƙasan akwatinka, saboda haka na san sai ka isa sansanin kamfani za ka gan ta. Haka na so. Da baki na yi niyyar yi maka wannan magana, amma duk lokacin da muka zauna sai in kama wani zance. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, ka yi haƙuri da shi, ka bi shi a hankali.

Ranar da ka zo ka ce kamfanin da ke yanka sabuwar hanya ya ɗauke ka direban katafila, na sa maka albarka, kuma ban janye ba. Amma da ka tambaye ni ko akwai abin da ke damuna, na ce ba komai. Ba gaskiya na gaya maka ba. Kwanaki kaɗan kafin nan na tsaya a bakin gari na ga irin wannan mota ta tuge wata kuka da na sani tun ina yaro. Tsakanin azahar da la'asar ta gama da ita da duk abin da ke kewaye da ita, direban kuma yaro ne kamarka, yana cin gyaɗa yana aiki. Ni da gatari na yi tawa ɓarnar, na ɗauki shekaru ina yi, ka kuma ga inda ta kai mu. Kai a yini ɗaya za ka iya yin wadda ta fi ta. Shi ya sa nake so ka san yadda abin ya faru tun daga tushe, domin rabinsa kana ƙarami, rabinsa kuma ba ka gida.

Kakanka, wanda ka ci sunansa, daga ƙasar Katsina ya zo Gombe saboda labarin auduga. Aka ba shi daji a bayan Barunde, gefen wani ɗan rafi da yaro ke iya tsallakewa. Da ya yi sassabe bai share komai da komai ba. Ya bar gawo, ya bar ɗorawa, ya bar tsamiya da kanya, ya bar wani ƙaton baure a bakin rafin, ya kuma bar gamba ta rufe gaɓar daga sama har ƙasa. Ina yaro in muna noma na ga ɗan tsiron gawo, sai ya ce in kewaye shi da fartanya. Ni a lokacin ɓata lokaci na ɗauke shi. Na sha cewa a raina, in gonar nan ta dawo hannuna sai na mai da ita fili fetal kamar gonakin da nake gani a hoton malaman gona.

Ta kuwa dawo hannuna dab da samun mulkin kai. Ba a daɗe ba jirgin ƙasa ya iso Gombe, auduga ta yi daraja, duk wanda ka gani a fuloti, inda ake sayen audugar, sai fara'a. Na sayi garmar shanu. Garma ba ta son kututture, ba ta son saiwa, ba ta kuma ganin ɗan tsiro balle ta kewaye shi. Na kira masu gatari, muka shafe rani guda muna sara muna ƙonawa. Tsamiya ta tafi, kanya ta tafi, yawancin gawo suka tafi, sai manya 'yan kaɗan da suka gagari gatari. Da muka zo kan ɗorawa mahaifiyarka ta fito har gona, abin da ba ta saba ba, ta tsaya da mayafinta ta ce in ji tsoron Allah in bar mata su. Da kalwarsu take yin daddawar da kuke ci, da ita take yin 'yan hidimominta ba tare da ta tambaye ni ba. Na yi mata faɗa a gaban ma'aikata, na ce mace ba ta san noma ba. Daga baya na bar mata kamar rabi, ba don na yarda da ita ba, don dai a zauna lafiya. In Allah Ya ba ka mata, Abba, ta ce maka wani abu a kan aikinka, kada ka auna maganar da cewa mace ce ta faɗa. Ita ce take tsugune a gindin itacen nan kowace shekara, ni kuwa ta gefensa nake wucewa.

Akwai wani Bafulatani, Bappa Siddi, wanda tun zamanin kakanka yake sauka a gonarmu da shanunsa duk rani. Burtalinsu ta gefen gonar ya bi ya gangara rafi. Shanu su ci kara da harawa da 'ya'yan gawo, su bar mana taki, matansa su kawo mana nono, kakarka ta ba su dawa. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a takarda. To, auduga ba kamar dawa ba ce, tana daɗewa a gona har rani ya yi nisa. Wata shekara ya iso a lokacin da ya saba isowa, yaransa suka yi sakaci, shanu suka shiga mini auduga suka yi ɓarna. Ya zo da kansa har ƙofar gida, ya cire takalmi, ya ce a kira dattawa su kimanta ya biya. Na ƙi. Na kai shi gaban alƙali, na sa aka tsare babban ɗansa har sai da ya sayar da karsana. Sannan da damina ta zo na sa garma na haɗe burtalin da gonata, na dasa aguwa na toshe hanyar.

Da rani ya zagayo ya zo ya tarar da shingen. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya riƙe da sandarsa a kafaɗa, ya dubi gawon nan manya, ya ce, "Haladu, ubanka ya san wanda ya shuka waɗannan. Ba shi ba ne, ba ni ba ne, shanun nan ne. Allah Ya bar zumunci." Ya juya garkensa ya yi gabas. Ban sake ganinsa ba, sai labarin rasuwarsa na ji bayan shekaru, a bakin wani mai sayar da man shanu.

Na ɗauki maganarsa zancen mai jin haushi. Sai da shekaru suka tafi na lura ba ɗan gawo ko ɗaya a gonata. 'Ya'yan da manyan ke zubarwa mu muke sharewa mu kai gari wa masu kiwon raguna, ba abin da ke komawa ƙasa. Manyan kuma suna tsufa, iska ta kayar da ɗaya, wani ya bushe a tsaye. Wurin da suke nan ne kaɗai dawa ke yin kyau, domin gawo da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Da na ga haka na ɓare 'ya'yan da hannuna na shuka, na yi ta ba su ruwa. Ƙwayar gawo tauri gare ta kamar tsakuwa. Na tona bayan damina ta wuce na same su yadda na sa su. Sai a lokacin na tuna inda nake ganin tsiron ina yaro: kullum a tsakiyar busasshen kashin shanu yake fitowa. Sai ƙwayar ta bi ta cikin saniya, cikin ya tausasa ta, saniyar ta ɗauke ta ta kai ta nesa da uwar, ta ajiye ta tare da takinta. Ni na kori mai shukar, na zauna ina jiran shuka.

Saboda haka in hanyarku ta ci karo da burtali, kada ka ɗauke shi fili ne kawai da ba mai shi. Ka gaya wa heluma mai kula da ma'aikata, ka gaya wa injiniya in zai saurare ka, a bar wa dabbobi mashiga. In kuma wani ya yi maka laifi ya zo har ƙofarka ya cire takalmi, ka karɓa. Na yi nasara a gaban alƙali, kuma ban taɓa yin nasarar da ta cuce ni kamar wannan ba.

Sai maganar baure. Gari ya fara cika da ma'aikata da baƙi, masu son kayan marmari, sai na ga ya kamata in yi lambu a bakin rafi. Na tuge gambar da ke gaɓa, na dasa mangwaro da gwaiba. Da suka fara 'ya'ya sai jemagu suka dame ni. A cikin bauren nan suke kwana tun kafin a haife ni, da magariba su tashi kamar hayaƙi. Na rataya gwangwani, na sa ƙaya, na yi duk dabarar da aka gaya mini, ba su fasa ba. Wata rana na tara kara da itace a gindin bauren na sa wuta. Ya yi kwanaki yana ci ta ciki kafin ya faɗi. Yayarka, wadda a lokacin ta fara zama budurwa, ta ƙi cin abinci ranar, domin a inuwarsa suke wanki ita da ƙawayenta. Jemagun suka watse, na ce na huta.

Shekarar da ta biyo ɗorawa ta yi tutu kamar kullum, jajayen furannin nan masu lilo, amma da lokacin 'ya'ya ya yi sai ɗai-ɗai. Shekara ta gaba ma haka. Mahaifiyarka ta ce mini tun tana yarinya ta san jemage ne ke bin tutun ɗorawa da magariba yana lasa, yana tashi daga wannan zuwa wancan, kuma tun da na ƙone bauren ba ta ƙara jin motsinsu a kan itatuwanta ba. Ni ba malami ba ne, ba zan rantse maka cewa shi ne dalili ba, ko kuwa ruwa ne da ya fara ja baya. Abin da na gani shi ne ta koma sayen kalwa a kasuwa daga hannun matan Tangale, daga baya ta daina daddawar gaba ɗaya, ta kife tukwanenta a bayan ɗaki. Na kuma lura da wani abu. Da can a kan tsohuwar katanga da gefen rijiya da gaɓar rafi, ko'ina za ka ga ɗan baure ko ɗinya ya fito, wanda ba wanda ya shuka, jemage ne ko tsuntsu ya ci ya kayar. Wannan ma ya ƙare. Gwaibar da na yi duk wannan dominta ba ta yi wasu shekarun kirki ba.

Ka kiyayi abin da ya dame ka yau, kada ka yi masa hukuncin da ba a warwarewa. Wuta ba ta da wuyar kunnawa. Kafin ka kawar da wani abu da ka tarar a wuri, ka nemi tsohon wurin ka tambaye shi me yake yi a nan. Sau da yawa abin da kake gani yana ci ne kawai, wani aiki yake yi maka wanda ba ka biya.

Ƙasa ba ta zama tsirara, wannan ma na gani. Inda na kori masu amfani, waɗanda ba a gayyata ba ne suka zo. Tumfafiya ta cika gefen gona, domin ita ba ta bukatar saniya ko jemage, iska ce ke ɗaukar 'ya'yanta da ɗan gashin nan nasu. Ƙarangiya da kashin yawo suka biyo ƙafar wando da jelar jaki da tayar motocin auduga. Su ba sa riƙe ƙasa, ba sa ciyar da kowa. Za ka gan su a gefen sabuwar hanyarku tun kafin a zuba kwalta.

Yanzu na zo inda hannuna ba ya son rubutawa.

Kakanka ya zo daga Katsina da wata irin dawa, gajeruwa, mai saurin nuna, wadda mutanen nan suke kira 'yar Katsina. Ba ta da yawan amfani kamar kaura, amma ko ruwa ya ɗauke da wuri takan kai. A zamanin kakarka duk wanda ya zo neman iri sai ta ba shi zangarniya, amma da auduga ta shigo mutane suka watsar da ita, har ya zama ni kaɗai nake shuka ta, a wani ɗan gefe, don tunawa da tsoho. Sai ga shekarun farin nan. Kai a lokacin kana Hammadu Kafi wurin kawunka Ilu kana koyon aikin kanikanci. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta yi ciki ba. Auduga ta ƙone, kaura ta bushe a tsaye, shanun garmata ɗaya ya mutu, ɗayan na sayar. A duk wannan yanki ɗan gefen nan nawa ne kaɗai ya fitar da kai.

Maƙwabta suka fara zuwa. Wanda ba na mantawa shi ne Malam Dauda, dattijon nan daga cikin Terawa mai gona kudu da tamu, wanda ya taya ni haƙa kabarin kakanka. Ya zauna a zaure ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce ba abinci ya zo nema ba, zangarniya biyu yake so ta iri. Na ce masa ba ta isa ba. Ta isa, Abba. Tsoro ne ya kama ni, da kuma wani tunani mara kyau, cewa in ni kaɗai ke da ita baɗi kowa sai ya biyo ta ƙofata. Mahaifiyarka ta aiko daga cikin gida a ce mini in ba shi, na yi kamar ban ji ba. Ya tashi ya ce Allah Ya kai mu daminar lafiya. Na ɗaure dammunan irin gaba ɗaya na zuba a rumbu ɗaya, wanda ke bayan gida ta wajen rafi, na liƙe.

Rafin a lokacin ya riga ya canja. Tun da gamba ta tafi, saiwoyin bauren kuma suka ruɓe a ƙasa, gaɓar ta fara zubewa kaɗan-kaɗan duk damina. Ka san ƙasar Gombe, yashi ce, in ba abin da ya riƙe ta sai ta bi ruwa. Daga sama kuma gari yana ta faɗaɗa, ana ta rufin kwano, ruwan da da yake nutsewa yanzu duk gangarowa yake yi. Abin da yaro ke tsallakewa ya zama kwazazzabo mai zurfin da ya fi tsayin mutum. Na gani. Kullum ina cewa in rani ya yi zan ɗauke rumbun in mai da shi gaba.

Da ruwan farko ya sauka na ɗebi rabin irin na shuka. Ya tsiro, sai sama ta ɗauke, ya ƙone. Na ce ba komai, akwai saura, ba zan sake shukawa ba sai ruwa ya zauna. A lokacin yayarka tana gida, ta zo wankan haihuwarta ta fari, ta gama, ana shirin mai da ita ɗakin mijinta. Ita ce 'yar farinmu, ka san ban taɓa kiran sunanta ba tana da rai, sai dai in ce "ke" ko in ce "yarinyar nan". Yau zan rubuta shi. Zulai.

Ranar da abin ya faru bayan la'asar ne. Hadari ya haɗu daga gabas, baƙi ƙirin, ni ina masallaci. Aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, a kan ƙasar da ta yi shekaru tana ƙuna, ba ciyawa ba ganye. Na taho a guje, ina shiga gida na ji ƙarar kwazazzabon kamar jirgi na wucewa. Mahaifiyarka tana ƙofar ɗaki riƙe da jaririyar tana kiran sunan da ita ma ba ta saba kira ba. Ashe Zulai ta leƙa ta ga ƙasa na tsagewa a bayan rumbu. Ta san abin da ke ciki, ta ji ni ina faɗa ba sau ɗaya ba cewa in irin nan ya salwanta mun mutu. Ta miƙa wa uwarta 'yar, ta ce bari ta ciro ko dami ɗaya ne. Na zagaya bayan gida na hango ta a kan tsani, ta buɗe rumbun, rabin jikinta a ciki. Na kira ta, ruwa ya hana ta ji. Ina gani gaɓar ta tafi da rumbun da tsanin da ita, a hankali, kamar an janye tabarma.

Washegari aka same ta can ƙasa, nesa da gari, yashi ya rufe ta har ƙirji. Malam Dauda yana cikin waɗanda suka tono ta. Shi ya cire rigarsa ya rufe ta. Da aka aika maka aka ce ruwa ya ci ta, kuma gaskiya ne, kwananta ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma ban taɓa gaya maka abin da ta je ɗaukowa ba, kuma ba na so ka hau motar nan ba ka sani ba.

Bayan an share makoki na bi gida-gida ina tambayar ko wani yana da 'yar Katsina, ko tsohuwar zangarniya ce a rataye a rufin ɗaki. Babu. Na shiga mota har garinsu kakanka. Tsofaffin can suka ce sun san ta, amma a cikin yunwar sun cinye nasu irin, wanda gwamnati ta raba musu daga baya wani ne daban. Dawar da ta yi tafiya daga Katsina zuwa Gombe a cikin buhun mutum ɗaya, ta rayu shekara da shekaru saboda kakarka tana rabawa, a hannuna ta ƙare, a rumbu ɗaya. Da na ba Dauda zangarniya biyun nan, da na je na karɓo a wurinsa. Da kuma Zulai ta san akwai ta a wani gida, da ba ta hau tsanin ba. Wannan tunanin ne nake kwana da shi nake tashi da shi.

To ka ji. Abin da ka mallaka kai kaɗai, ka ɓoye a wuri ɗaya, ba naka ba ne, na ranar tsautsayi ne. In ka iya wani abu a aikin nan ka koya wa na ƙasa da kai. In ka samu ka ba 'yan'uwa da maƙwabta tun ba su roƙa ba. Kuma ka kula da abin da kake faɗa a gaban 'ya'yanka in Allah Ya ba ka, domin suna ɗaukar maganar uba da nauyin da shi bai sa mata ba. Kada ka taɓa bari wani naka ya zaci akwai wani abu a gidanka da ya fi shi daraja.

Ban ce ka ƙi aikinka ba. Hanya alheri ce, na ga matan da suka mutu a kan jaki kafin a kai su asibiti. Na kuma san kai ba kai ne mai kamfani ba, inda aka sa maka turaku nan za ka bi, in ka ƙi a sallame ka a ɗauki wani. Amma na tambayi kawunka, ya ce mini direba yana da ɗan ikonsa: inda zai juya mota, inda zai tara ƙasa, inda zai kankare don sansani ko don ɗiban tsakuwa. A nan nake roƙonka. Itacen da ba ya kan layi ka bar shi, ko da kewaye shi zai ɓata maka lokaci. In babba ne mai 'ya'ya ka ƙara kiyayewa, domin shi ne zai sake cika wurin bayan kun wuce. Bakin rafi kuwa, ko ciyawa ce kada ka kankare in ba dole ba. In an matsa maka ka yi, ka je wurin mai unguwar ka gaya masa su dasa gamba tun kafin damina, kada su ce sai baɗi.

Kuɗin zamanin nan na man fetur suna zuwa da gudu, na ga yaran da suka fara da babur suka ƙare a gidan giya. Ba zan yi maka dogon wa'azi a kai ba, ka san gidan da ka fito. Ka riƙe salla ko kana cikin daji. Kada ka hau motar nan kana jin barci, kada ka ja ta da baya sai ka sauko ka duba da idonka, domin yaran ƙauye suna son kallon katafila. Ka ci abinci da mutanen garin da kuka sauka, ka gaishe su da harshensu ko kalma ɗaya ce. In an ce maka wuri kaza maƙabarta ce, ko ba ka ga alama ba, ka kashe inji.

Saura abu ɗaya wanda muka ɓoye maka don kada ya hana ka tafiya. Katangar bayan gida ta tsage tun daminar da ta wuce, yanzu hannu yana shiga. Na cika buhuna da yashi na jera, na dasa gamba da aguwa a gaɓa, amma na makara, ƙasar da za su kama ta riga ta tafi. Gidan nan ba zai ga ƙarshen damina mai zuwa ba. Kawunka Ilu ya ba mu ɗakuna biyu a gidansa, ni da mahaifiyarka da 'yar Zulai, wadda ubanta ya bar mana ita. Ban taɓa zaton zan tsufa a gidan surukai ba, amma na karɓa na gode. Da zarar ka tafi za mu fara kwashe kwanon rufi. Saboda haka in ka samu hutun salla kada ka ce a sauke ka a Barunde, ka wuce Hammadu Kafi kai tsaye. Yarinyar ta fara tambaya ina uwarta take, kuma na ce sai ka zo za mu kai ta maƙabarta tare, domin ni kaɗai ba zan iya ba.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka gama da ƙarfen nan lafiya, Ya hana hannunka zama sanadin kukan wani. Allah Ya jiƙan Zulai da kakanninka, Ya dawo mana da kai muna da rai.

Ni ne mahaifinka,
Haladu.